Saƙon Gailian a Cikin Takalmi

A benenmu na nan birnin Taiyuan ba wanda ya san sunanta sai ni. Kowa Kakar Lele yake ce mata, daga mai gadi har ɗan da ta haifa. Sunanta Ren Gailian. Ni ma sai da muka shekara ƙofata na kallon tasu kafin na ji shi, don ni ba mai shiga sabgar mutane ba ce, duk da marigayi mijina ya sha cewa ƙarya nake. Na ƙare ƙuruciyata ina yankan tikiti a bas, na ga mutane har sun ishe ni.

Ɗanta Haibin ne ya ɗauko ta daga ƙauyensu, can cikin tsaunukan Luliang, makon da matarsa Yali ta haifi Lele. Aka ce mata wata uku za ta yi. A lokacin da abin nan ya faru, Lele ta kusa shiga firamare.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannunta duk kanta. Ita ce ta uku a jerin mata a gidansu, kuma ubanta bai ga dalilin kai mai kiwon awaki makaranta ba. An taɓa kawo ajin yaƙi da jahilci ƙauyensu wani lokacin sanyi, amma a shekarar tana goyon Haibin, surukarta kuma na kwance. Ta ce min ta je sau ɗaya, ta yi barci a kan benci. A ƙauye abin bai taɓa damunta ba, tunda ƙafa ta san hanya, ido ya san mai kanti. A birni kuwa komai a rubuce yake, har ƙofar da za ka tura da wadda za ka ja.

A shekararta ta farko ta fita sayen ruwan tsami, ta hau bas ɗin da ta ɗauka shi ne nasu, sai da yamma ɗan sanda ya dawo da ita. Ta tambayi mutane hanya, amma harshen ƙauyensu ya yi wa mutanen nan kauri, sai su yi murmushi su wuce. Tun daga ranar Haibin ya hana ta ƙetare ƙofar unguwa ita kaɗai. Ya rubuta lambar wayarsa a kati, ya sa igiya, ya rataya mata a wuya. Ranar da na ga katin nan sai da na ce masa, "Saura ƙararrawa irin ta akuya, ɗan nan." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

To rayuwarta ke nan. Ta dama kunun gero, ta kai Lele makarantar yara da ke cikin unguwa, ta hawo, ta goge ƙasan da ta goge jiya, ta murza taliya. In ta gama sai ta tsaya a baranda, wadda aka kewaye da ƙarafa don kada yarinya ta faɗa, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana kallon wani benen irin namu. Ba wanda ke zaginta, kada ku ce na faɗa. Yali yarinyar kirki ce, tana saya mata riguna da maganin gwiwa. Ci da sha ba abin da ta rasa. Wannan ne ma ya sa ba ta da bakin magana.

Mijinta, Tsoho Kang, yana can gida da awakinsa da itatuwan magaryarsa. Ya yi aikin fasa dutse da ƙuruciya, ƙarar nakiya ta cinye masa kunne, yanzu ko tsawa aka yi sai dai ya ji ta a ƙirji. Amma shi ya yi karatu. Shi ke rubuta wa rabin ƙauyen jajayen takardun da ake mannawa a ƙofa ranar sabuwar shekara, yana kuma ji da kansa a kan haka. Sai ka duba ka ga ikon rayuwa: ita tana da baki ba rubutu, shi yana da rubutu ba kunne. Duk abin da za su ce wa juna sai ya bi ta wayar Haibin. Tsohon ya turo saƙo, Haibin ya karanta mata a tsaye yana sa takalmi.

"Baba ya ce lafiya lau yake, ki kwantar da hankalinki."

"Wannan ba maganarsa ba ce," ta ce min wata rana. "Mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa buɗe baki ba ƙorafi a ciki ba. Lafiya lau? Shi?"

Ta je gida sau biyu a duk shekarun nan, kwana kaɗan kaɗan, gida cike da dangi. Magana da kurma kuwa ihu ce, duk abin da ka faɗa masa ka faɗa wa maƙwabta. An dai yi mata alkawari, da Lele ta shiga firamare za ta koma. Ta riƙe alkawarin nan da haƙori.

Sai ga Yali da ciki na biyu.

Washegarin da aka sanar, aka ƙwanƙwasa min ƙofa da hantsi. Gailian ce da kwanon taliya. Ta zauna a bakin kujera kamar wadda za a kora.

"Yaya Pei, kin iya rubutu?"

"Tabɗi! Me kika ɗauke ni? Wa kike zato yake cika takardun bas?"

"Ki koya min."

"A wannan shekarun? Na me?"

Ta yi ta murza bakin rigarta, sannan ta faɗa. In dai ta karɓi jaririn nan, ta yi wa Yali zaman wata na jego, to an gama, yaro ya zama nata har ya girma. Uwa kuma ba ta buɗe baki ta ce wa ɗanta ta gaji da 'ya'yansa, in ta yi haka da wace fuska za ta shiga ƙauye? Amma in uba ya ce a dawo masa da matarsa yana bukatarta, ba ɗan da ya isa ya ƙi. Ga uwar Yali can ta yi ritaya, lafiyarta ƙalau, kullum tana rawa a dandali da tsofaffi. Abin da ake bukata kawai shi ne tsohon ya kira ta kafin a haihu. Shi kuma bai san tana so ba, tunda kullum ce masa ake tana jin daɗin birni.

"To wannan ai mai sauƙi ne," na ce. "Kawo takarda in rubuta miki wasiƙa yanzun nan."

"A'a. In ya ga hannun baƙo, Haibin zai fara tambaya. Kuma wasiƙa a kantin ƙauye take sauka, matar mai kantin tana ɗaga ta a rana ta karanta. Kafin ta isa hannunsa an gama cewa na kai ƙarar ɗana wajen mutanen birni." Ta ɗago ido. "Kuma in ya amsa, ni nake so in karanta. Na gaji da a karanta min shi."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni. Na ture kwanon taliya, na ɗauko fensir.

Kai, na sha wuya! Matar da ke zura zare a allura ba tabarau, sai ga ta ta damƙe fensir kamar ƙotar fartanya. Ta karya min bakin fensir har na daina fiƙewa da wuƙa na sayo mafiƙi. Harafi kuwa, da yake a rubutunmu kowanne kalma ce guda mai zane-zane da yawa, ta ƙasa take fara shi, ko ta tsakiya, ko ta duk inda ya yi mata kyau.

"Haba Gailian! Daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Kowane zane da lokacinsa. Ke in za ki sa kaya, takalmi kike fara sawa kafin wando?"

"In dai ya fito iri ɗaya, ina ruwan wani?"

"Ruwana ne! A gidana kike."

Wani lokaci ta ba ni dariya har in manta fushin. Ranar da na nuna mata harafin gida, na ce ga rufi a sama, ga alade a ƙasa, ta buga cinya.

"Wanda ya ƙirƙiro wannan ɗan ƙauye ne, ya san abin da yake yi. Shi ya sa nan ba gida ba ne, ko kaza babu."

Ranar harafin komawa kuwa ba ta yi dariya ba. Murabba'i ne babba da ƙarami a cikinsa. Na koya mata yadda aka koya mana, a ja bango uku, a sa na ciki, sannan a rufe ƙasa. Ta rubuta, ta rufe, ta tsura masa ido.

"Wannan ne komawa? Ɗaki cikin ɗaki, ko taga babu?"

"Ni na ƙirƙiro shi? Rubuta goma."

Matsalar ita ce, abin da ta koya yau, gobe ya zube. Ta cika shafi da harafi, washegari in nuna mata shi ta dube shi kamar baƙon da ya yi ɓatan kai. Muka ci wata guda a haka, cikin Yali kuma ba ya jiran kowa. Har na fara tunanin yadda zan gaya mata ta haƙura.

Sai wata rana ta shigo da ɗinkinta, don kada hannunta ya zauna banza ina duba mata aiki. Shimfiɗar cikin takalmi ce, irin wadda matan ƙauye ke yi: a jera tsummoki a manne su da ƙullin fulawa, a shanya, a yanka daidai ƙafa, a cika saman da surfani. Na karɓa na duba. Furanni a gefe, a tsakiya kuma haruffa biyu da jan zare, a tsaye cak, sun fi nawa kyau.

"Ke! Wa ya yi wannan?"

"Ni mana."

"Kin san me ya ce?"

"An ce alheri ne. Wajen innata na kwafa, ita ma wajen tata."

Tun tana budurwa take ɗinka waɗannan haruffa, biyu a ƙafar hagu, biyu a ta dama, fatan zaman lafiya har ƙarshen rai. Ta yi wa ubanta, ta yi wa mijinta, ta yi wa ɗanta, ba ta taɓa sanin wanne ne lafiya wanne ne rai ba. A wajenta fure ne cikin furanni. Na sa yatsa na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta maimaita. Washegari na rubuta su a takarda na gauraya da wasu, ta tsamo su ba ko gargada.

"Ashe ƙwaƙwalwarki a allura take," na ce. "Ajiye fensirin nan."

Daga nan muka canza hanya. In zana harafi a kan ƙyalle, ita ta ƙirga zare ta bi shi da allura tana faɗin sunansa. Na dai kafe sai ta bi zane bayan zane yadda ake rubutu, ta yi ta gunaguni wai ina ɓata mata zare. Amma duk harafin da ta ɗinka ya zauna, ko daga barci ka tashe ta za ta gane shi, kuma daga baya fensirin ma ya fara bin ta. Illar kawai, allura ba ta sauri. Harafi ɗaya sai ya cinye mata duk ɗan sararin da take samu tsakanin wanke-wanke da ɗauko Lele. Yatsunta suka yi ta fashewa, tana naɗe su da filasta tana ci gaba.

Ta fara tsinto abin da ta sani a jikin lifta, a buhun shinkafa, a ƙofar kanti. Za ku ce ta ji daɗi. Ai kuwa abin ya ƙara ƙuntata mata. Da can rubutu bango ne, ba ta kulawa da shi. Yanzu ta san ɗaya cikin goma. Na kai ta tashar bas da ke bakin unguwa, ta tsaya gaban allon, ta tsamo gabas, ta tsamo ƙofa, ta tsamo ruwa, sauran duk suka tsaya mata ƙiƙam.

"Guda nawa ne duka, Yaya Pei?"

"Dubbai."

"Ke kin san su duka?"

"Ba wanda ya san su duka."

Bas ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa a gabanta, ya rufe, ya wuce. Ta shafa katin da ke wuyanta ta ce mu koma, lokacin ɗora tukunya ya yi.

Kowace kaka takan aika wa tsohon sabuwar shimfiɗar takalmi tare da kayan sanyi, Haibin ne ke kai ƙunshin gidan waya. Ba ta taɓa fashi ba. A nan ta ga ƙofarta. Shimfiɗar bana za ta ɗauki haruffa huɗu kamar kullum, amma nata: "kira" da "ni" a hagu, "koma" da "gida" a dama. Ba ta bari na zana mata ba. Da kanta ta fitar da su a kan ƙyallen, ni dai na zauna ina cizon leɓe ina kallon harafin ni, mai ƙugiyoyin nan da ke ba yara wuya, yana fitowa daidai.

Abu ɗaya ne muka yi faɗa a kansa. Ta sa jan zare irin na kullum, furanni irin na kullum, kowane harafi a gurbin na da.

"Ki yi su da baƙin zare mana, manya, ba fure. Ya buɗe ya gani."

"Haibin ne ke ɗaure ƙunshin."

"To ko fure ɗaya ki cire."

"Yaya Pei, mutumin nan ko takardar da aka naɗe gishiri ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya karanta. Zai gani."

Ranar aikawa ina tsaye a ƙofarsu. Haibin ya ɗauki shimfiɗun ya juya su a hannu. Ya ce, "Mama, har yanzu kina kashe idonki a kan wannan? Ana sayar da su a kasuwa fa." Ya cusa su cikin hannun rigar sanyi ya ɗaure.

Sai jira. Ban taɓa ganin jira ya ci mutum kamar haka ba. In wayar Haibin ta yi ƙara, sai ta saki abin da ke hannunta. Ta fara cewa a nuna mata saƙon, Haibin yana dariya yana miƙa mata, a zatonsa hoto take nema. Ta tsamo sanyi, ta tsamo akuya, ta tsamo lafiya. Ashe yaron ba ƙarya yake ba, abin da tsohon ke rubutawa ke nan. Buhun gero da busasshiyar magarya ya iso daga ƙauye, ta juye shi a ƙasa, ta fito da cikinsa waje, ta bi ɗinkinsa da yatsa. Ba komai sai sunan Haibin.

Sanyi ya shiga sosai, cikin Yali ya sauko. Gailian ta daina zuwa wajena. Na same ta a baranda.

"Ina allurarki?"

"Ya gani, Yaya Pei. Ya gani ya yi shiru. Awakinsa sun ishe shi."

"Wataƙila ƙunshin bai isa ba."

"Ya isa. Ya ce rigar ta yi masa ɗumi, da idona na karanta." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Da ban koya ba, da yanzu ina can ina cewa Haibin ne ke ɓoye min."

Na tsani tsohon nan da ban taɓa gani ba, na zage shi a raina har kakanninsa.

Yali ta haifi namiji gab da ƙarshen sanyi. Gailian ta yi zaman watan kamar yadda aka sani: romon kaza, kunun gero da jan sukari, wanki, jijjiga. Yaron ya zo da ciwon ciki, kuma ya zaɓi kafaɗarta, in ba a kanta ba ba ya shiru. Na riƙa jin takunta ta bango, daga ƙofa zuwa baranda, daga baranda zuwa ƙofa.

Don bikin cikar jaririn wata ɗaya, Tsoho Kang ya bar wa maƙwabci awakinsa ya zo birni, karo na farko. An gayyace ni, don haka ina cikin falon da safe, ni da uwar Yali, kafin a tafi gidan abinci. Haibin ya shigo da tsohon daga tasha. Dogo ne siriri, ya sha aski, rigarsa na warin hayaƙin itace. Ya dubi matarsa ya daka ihu irin na kurame.

"Uwar Haibin, kin yi fari!"

Yali ba ta yarda a shiga mata da takalmi, don haka aka miƙa masa silifas. Ya tuɓe takalmansa ya wuce wajen jariri. Gailian ta sunkuya ta jera su, yadda take jera na kowa. Sai na ga ta tsaya a sunkuye. Ta zura hannu ta zaro shimfiɗa, ta zaro ɗaya.

Su ne. Gumi ya mai da su baƙi, sun lanƙwashe da siffar ƙafarsa, wajen dunduniya ya cinye har tsumman ciki ya leƙo. Tsohon ya waiwayo ya gan su a hannunta, fuskarsa ta washe.

"Na bana sun fi na bara kauri! Tun ranar da suka iso na zura su, ban cire ba!"

Wayyo ni. Bai duba ba. Mutumin da ke karanta takardar gishiri bai karanta matarsa ba, don me zai karanta? Shekara da shekaru ya san abin da ke jiki, ya kuma san wadda ta ɗinka ba ta san komai ba. Ya yi ta taka maganarta daga gida zuwa garke duk tsawon sanyin nan.

Ta je ta tsaya gabansa, ta ɗaga su daidai hancinsa.

"Na gani mana! Lafiya har ƙarshen rai!"

Ta girgiza kai, ta dangwala yatsa a kan harafin farko, da ƙarfi. Ya ɗaure fuska, ya laluba aljihu ya sa tabarau. Na so in yi tsalle in toshe masa baki, don na san kurma ba ya karatu a zuci, amma kafin in motsa ya fara, da muryar da ta isa a ji a lifta.

"Kira! Ni!" Ya karɓi ta daman, ya kai ta kusa da taga saboda na dunduniyar ya goge. "Koma! Gida!"

Uwar Yali ta ajiye kofin shayinta a hankali. Haibin ya dubi uwarsa, kunnuwansa suka yi ja.

"Wa ya zana miki wannan?" tsohon ya yi ihu.

Gailian ta ɗauki fensir a teburin Lele, ta jawo katin gayyata ta juya bayansa. Ta rubuta harafin "ni", daga sama zuwa ƙasa, kowane zane a lokacinsa. Ta rubuta sunanta a ƙasa. Ya bi hannunta da ido har ta ɗaga fensirin. Ya dubi katin, ya dubi shimfiɗar, ya dubi ƙafafunsa.

"Tun kaka?" ya ce. Wannan karon a hankali muryar ta fito, shi kansa bai san ya iya ba.

"Mama," Haibin ya ce, "da kin faɗa min ai... In kina son tafiya..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya dubi matarsa.

Yali ta riga ta fara hawaye. Hutun haihuwar da aka ba ta a wurin aiki na ƙarewa wata mai zuwa, kowa a ɗakin ya sani. Uwarta ta kai hannu bayanta ta fara dannawa, ta ce ita da ma likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi. Mai rawa a dandali! Na buɗe baki zan yi magana, sai jaririn ya tsanyara kuka. Yali ta jijjiga, ya ƙara. Ta jijjiga, ya shiɗe. Ba da wata manufa ba, na rantse, hannunta ne kawai ya saba, ta miƙa shi. Gailian ta karɓa, don ita ma nata hannun ya saba. Yaron ya kwantar da kai a kafaɗarta ya yi shiru.

Tsoho Kang bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga duka. Ya dubi ɗansa, ya dubi surukarsa, ya daɗe yana kallon jikan da ke ɗauke da sunan gidansu. Sannan ya ɗauki fensirin. Bai yi irin rubutunsa na gudu da yake taƙama da shi ba. Ya yi haruffa biyu manya, a tsaye, dalla-dalla, kusa da nata. Bai miƙa wa Haibin ba. Ita ya juya wa katin.

Ta sunkuya da yaron a kafaɗa. Ba ta dubi kowa ba, ba ta nemi taimako ba. Ta karanta a fili, da harshen ƙauyensu.

"Shekara uku."

Wato ta ƙara jira har yaron ya isa shiga makarantar yara. Tsohon ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu. Ita kuwa sai ta juyo wajena, idonta a bushe.

"Haka ne, Yaya Pei? Na karanta daidai?"

Na so in ce mata a'a. Ban taɓa son yin ƙarya kamar ranar ba.

"Daidai," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta mayar da yaron ɗaya kafaɗar, ta shiga kicin ɗumama masa madara.